Wasiƙa Zuwa Ga Angon Amurka Na Kademi

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, na yi maka sallama don addini ya ce a yi, ba don ka ci ba. Ina gwaggo? Ina matarmu da yara? Ka gaishe min da su da kyau, domin su ba su yi mini laifin komai ba.

Labarinka ya riga motar Gaya isowa Kano. An ce ka tara 'yan majalisarku a teburin mai shayi, ka ɗaga kofi sama, ka shelanta cewa ƙarin auren da za ka yi bayan an sayar da riɗi ba a Kademi za ka yi shi ba. Ba a Shagogo ba, ba a Balan ba, ba a Gamarya ba. 'Yan matan Ajingi ka ce ƙauyawa ne, na cikin garin Gaya ka ce sun cika tsada. Kai Ba'amurkiya za ka auro. Hujjarka wai su ba ruwansu da lefe, ba sa neman kayan sa-rana, so suke yi tsakani da Allah, ga kuma biza a maimakon gara. Da na ji sai da na nemi wuri na zauna, don dariya a tsaye tana kayar da mutum.

Na san inda ka kwaso wannan zazzaɓi. Tun ranar 13 ga Disamba, 2020, da aka ɗaura auren wani matashi mai aski na Panshekara da wata 'yar Kalifoniya mai shekara 46 da suka haɗu a Instagram, samarin jihar Kano ba su ƙara barci mai daɗi ba. Sadaki naira 50,000, Sanata Shehu Sani ya halarta, hotuna suka cika gari, kowane mai wayar shafa ya ɗauka shi ne na gaba a layi. Abin da kuka ƙi lura da shi kuwa, yaron nan yana da sana'a a hannunsa, ba shi da mata a gida, bai ɓoye ko shi wane ne ba, kuma tun watan Janairun shekarar ta hau jirgi ta zo har gidansu ta ga iyayensa da idonta. A cikin huɗun nan, ɗan gwaggo, wanne ka cika? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To da yake haƙƙin bawa yana wuyan uwargijiyarsa, na ce bari in bincika maka abin da matan nan suke nema a wurin namiji, kada ka ƙarar da kuɗin riɗi a sayen data. Aikin bai yi wuya ba, domin Amurkawa mutane ne masu son tambaya da ƙidaya. Abin da mu za mu bari a ciki, su sai sun bi mutane da takarda sun tambaye su, sun fitar da amsar kashi-kashi cikin ɗari.

A 1989 wani malamin sanin halayyar ɗan Adam mai suna David Buss, wanda a lokacin yake Jami'ar Mishigan, ya fitar da sakamakon tambayar da shi da abokan aikinsa suka yi wa mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37 na duniya, har da Najeriya. Tambayar ɗaya ce: me ake nema a wurin wanda za a aura? Ya tarar mata sun fi maza damuwa da abin hannun miji da himmarsa ta nema, maza kuma sun fi damuwa da kyau da ƙuruciya. Mazan Najeriya ma ba su ba mu kunya ba, suna sahun gaba a son matar da suka girme wa, har suka ce da hali a ba su wadda suka ba fiye da shekara shida. Amma da aka haɗa amsoshin duka, maza da mata, abin da ya zo na ɗaya shi ne kirki da fahimta, na biyu kuma hankali. Tsawo bai zo ba, mota ba ta zo ba, gemun da kake shafe wa mai safe da yamma ma bai zo ba.

Kirki, ɗan gwaggo. Sai ka ce a bakin kakarmu suka ji. Kuma kada ka ɗauka Amurkawa ba su san namu irin ba. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya tsaya a Jami'ar Indiyana ya yi musu lacca guda a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Ya lissafa musu halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wato kayan da ake nema a kasuwar da kake shirin ci, tun ba a haife ka ba aka kai musu samfurinsu daga nan. Saura mu buɗe buhunka mu ga nawa ka ɗauko.

Mu fara da gaskiya. Hoton da ka ɗora a Facebook, kana jingine da farar mota, ranar Juma'a aka ɗauke shi a bakin karar Wudil, kuma mai motar wani dillalin shanu ne da ya shiga masallaci. Shekarunka ka zaftare musu bakwai. A wurin sana'a ka rubuta kai manajan kamfanin noma ne, alhali kamfanin gonar gado ce da ƙannenka suke nomewa kana gindin darbejiya kana ba da umarni. A wurin aure kuwa ka bar fili, kamar matarmu da 'ya'yanta huɗu baƙi ne da suka sauka a gidan. Mu koma amana. Tunkiyar matarmu da ka ce a ara maka ka yi layya, za ka biya da kaka, kaka nawa aka yi? Kunya fa? Kana zuba wa matar da ba ka taɓa gani ba kalaman so da wayarka take fassara maka, kai kanka ba ka san me ta rubuta ba, amma wadda ta bar gidan ubanta ta tare a naka har yau "ke" ne sunanta. Karamci kam na ba ka maki, domin duk Cika-ciki kana zuwa karɓar kuɗin shara a kan lokaci, ka kuma cinye tuwon gidan kawunka ba tare da ka sa an roƙe ka ba.

Ka ce su ba ruwansu da abin hannunka. Wanda ya gaya maka haka ya cuce ka. A 2014 cibiyar bincike ta Pew da ke Washinton ta tambayi Amurkawan da ba su taɓa aure ba, masu niyyar yi, abin da suka fi ba muhimmanci. Kashi 78 cikin ɗari na matan suka ce lallai mijin ya kasance yana da tsayayyen aiki, kuma wannan ne ya zo kan gaba a jerinsu. A maza kashi 46 ne kawai suka nemi haka daga mace. Lura da kyau, ba su ce attajiri ba, cewa suka yi mai aikin da ba ya yankewa. Kai kuwa da damina manomi ne daga nesa, da rani ɗan cirani ne da baki, lokacin zaɓe kuma ɗan siyasa ne mai jiran a raba taliya. Abin da Ba'amurkiya take kira tsayayyen aiki shi matarmu take nufi idan ta biyo ka zaure da safe tana tambayar kuɗin cefane, kai kuma ka ce mata ta yi dabara. Bambancin kawai, ita waccan tana da albashinta. Tun farkon shekarun 1980 mata suka fi maza karɓar digirin farko a Amurka, kuma Pew ta ce a 2023 a aure 29 cikin ɗari miji da mata kusan daidai suke samu, a 16 kuma matar ce ta fi. Macen da take biyan kuɗin hayarta ba cefanenka take jira ba. Ba ta dai son ta auro wanda za ta goya.

Maganar lefe kuma, gaskiya ne babu akwati, babu atamfa turmi ashirin. Amma akwai zobe. Kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya shafe shekaru yana talla har ya cusa wa Amurkawa cewa neman aure ba ya cika sai da zoben lu'ulu'u, har a shekarun 1980 ya yanka musu farashi: albashin wata biyu. A 2023 matsakaicin zoben ya haura dala 5,000. Ka buga wannan da canjin Wapa ka gaya mini buhun riɗi nawa ne. Kuma ba a aika shi da gwaggo da ƙawayenta suna guɗa. Kai da kanka za ka kai, ka durƙusa da gwiwa ɗaya a gabanta, sau da yawa a bainar jama'a, ka roƙe ta, ita kuma tana da ikon ta ce a'a kowa yana kallo. Ranar da za ka yi wannan durƙuson, don girman zumunci a aiko min, ko bashi ne zan ci in zo.

Yanzu mu zo inda na san za ka fara gumi. A 2007 Pew ta tambayi Amurkawa abin da ke sa aure ya yi daɗi ya ɗore. Riƙon amanar juna ya zo na ɗaya da kashi 93. Na biyu sirrin ɗaki ne, ba zan faɗa maka ba don ni 'yar kawunka ce kuma ina da kunya, ba kamar wasu ba. Na uku, da kashi 62, shi ne raba aikin gida. Ya wuce isassun kuɗi, ya wuce gida mai kyau, ya wuce haihuwa ma, wadda ta tsaya a kashi 41. A 1990 kashi 47 ne suka ce haka game da aikin gida, ka ga abin ƙaruwa yake yi. Aikin gida fa ake nufi: wanke-wanke, shara, wanki, girki, wanke wa yaro kashi da tsakar dare. Ba na ce mazan can waliyyai ba ne, don binciken 2023 ɗin nan ya nuna ko a gidan da ake samu daidai, matar ce ta fi shan aikin. Amma a can abin faɗa ne, ana lissafi, ana tuhuma. Kai da ko butar alwalarka sai an cika an ajiye maka, da wane hannu za ka fara?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne duk lokacin da aka taɓa maganar ƙarin aure, nan take kake zama malami, ka gyara hula ka ce sunna ce. Ba mu musa ba. Amma ai a littattafan hadisin nan dai aka ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa hidimar gida, ya ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya tatsi akuyarsa. Me ya sa karatunka bai kai wannan babin ba? Ko malamin naku ranar bai zo ba?

Kuma abin haushin, kai mutumin ƙasar Gaya ne. Idan akwai waɗanda ya kamata su san yadda baƙo yake sace zuciyar mace a ƙasar da ba tasa ba, ku ne, domin da makaminku aka yi aikin da ya fi kowanne shahara. Labarin da kakanni suka bar mana ya ce Bayajida ya baro Bagadaza, ya zauna a Barno, ya gudo yamma, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, baƙo, ba dangi, ba gida, ya sauka wurin wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa aka ce babu, macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Me ya yi? Bai nemi gindin bishiya ya zauna yana zagin masu gari ba. Bai aika wa sarauniya saƙon cewa ya yi mafarkinta ba. Guga ya ara, ya nufi rijiya, ya sare kan macijin, ya ɗebo ruwa.

Ka tsaya ka dubi abin da kyau. Wa ke shan wahalar ruwa a gari? Mata. Su ke ɗaukar tulu, su ke auna ruwan kwana bakwai, su ke jin kukan yara. Baƙon nan ya duba ya ga abin da ya fi ci wa matan garin tuwo a ƙwarya, ya kawar da shi cikin dare, ya koma ya kwanta bai yi shela ba. Da gari ya waye Daurama ta ce wanda ya yi aikin ya fito ta ba shi rabin gari, sai masu baki irinka suka yi ta fitowa, kowa ya ce shi ne. Aka ce to ina kan macijin? Nan ido ya raina fata. Mai kai a jaka shi kaɗai ya rage, ya ce shi ba rabin gari yake so ba, mai garin yake so, kuma ya samu. Sarauniya guda, ɗan gwaggo, ba lefe, ba zobe, ba hoto a jikin motar wani.

Maƙeran garinku ba su tsaya nan ba. An ce wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya taso neman tama, ya sauka gindin Dala, garin ya ci sunansa, zuriyarsu su ne Abagayawa. Mutanen da suka ba birni suna, suka ba baƙo makamin auren sarauniya, yau jikansu yana kwance a kan benci yana aika hoton fure zuwa Kalifoniya, matarsa kuma tana layin famfon tuƙa-tuƙa da goyo a baya. Kusugun gidanka ga ta nan, kullum sai an je, kuma babu maciji a ciki, jarka biyu ce kawai da baro.

Sai hira da dariya. Matan Amurka sun daɗe suna sa mai ban dariya a cikin jerin abin da suke so, kuma a nan kam Allah ya yi maka baiwa. Na sha ganin ka riƙe majalisa tun daga la'asar har isha, mutane suna riƙe ciki. Amma da ka doshi ƙofar gida sai ka ɗaure fuska, ka yi gyaran murya, yara su watse, ka ci tuwo shiru ka jawo waya. Dariyar ta 'yan shayi ce, ɗaurin fuskar na mai tuƙa tuwo. Ba'amurkiya kuwa za ta zaunar da kai ta tambaye ka yadda ka wuni, da abin da ke damunka, da abin da kake ji game da ita, kuma "lafiya lau" ba amsa ba ce. Za ta so ku fita tare, kafaɗa da kafaɗa, hannu cikin hannu. Kai da idan za ku asibitin Gaya kake ba matarmu tazarar taku goma don kada a ce mijin ta ce ne.

Don kada ka ce ban yi maka adalci ba, ga wani bincike da zai faranta maka rai. A 2008 Paul Eastwick da Eli Finkel na Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago, sun sa ɗalibai maza da mata suka rubuta abin da suke so, sannan suka haɗa su hira ta minti huɗu-huɗu ido da ido. Sai ga shi abin da mutum ya rubuta a takarda bai cika nuna wanda zai kwanta masa a rai ba. Wadda ta ce sai mai kuɗi ta ɓuge da son wanda hirarsa ta yi mata daɗi. Mu nan mun daɗe da sanin farin jini ba ya bin lissafi. To amma sharaɗin shi ne a zauna a ga juna, kuma a nan gizo yake saƙar, domin wanda ta sani a waya manajan kamfani ne mai farar mota, wanda za ta gani kuma kai ne.

Ko da ta gan ka ta ce ta ji ta gani, akwai hukuma. Amurka ba ta san kishiya ba. Tun 1879 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa addini ba ya zama hujjar auren mace fiye da ɗaya, a shari'ar wani mabiyin ɗariƙar Momon mai suna George Reynolds. Sai da cocin nasu ya janye daga al'adar a 1890 kafin a karɓi yankinsu na Yuta a matsayin jiha a 1896. Tun 1891 kuma dokar shige da fice ta hana mai mata fiye da ɗaya shiga ya zauna. Bizar masu alkawarin aure, wadda ake kira K-1, tana da sharuɗɗa: ku kasance kun haɗu ido da ido cikin shekara biyun da suka wuce, ku duka babu igiyar aure a kanku, kuma a ɗaura cikin kwana 90 da saukarka. Wanda aka kama da auren bogi don neman takarda yana iya shan ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Cacar biza ma da wasu suke rataya rai a kanta, an cire Najeriya daga ciki fiye da shekara goma ke nan. Wato kafin ka ga filin jirgi sai ka rabu da matarmu. Ka gwada furta wannan a gaban gwaggo, muciya tana kusa.

A ce ma ka tsallake. Igiyar da kake taƙama tana hannunka, a can ba a hannunka take ba. Kalifoniya ce ta fara dokar rabuwa ba tare da an kafa wa kowa laifi ba, Ronald Reagan ya sa mata hannu a 1969 yana gwamna, kuma a jihar abin da aka tara cikin aure biyu ake raba shi. Wani malamin Jami'ar Stanford, Michael Rosenfeld, ya gano a 2015 cewa kusan kashi 69 na sakin aure a Amurka mata ne suke nema. Ba yaji, ba biko, ba kawu da zai sa baki a ce ta yi haƙuri don yara. Takarda za ta zo maka daga lauya, ka ɗauki jakarka. Ga kuma kare, wanda fiye da gida huɗu cikin goma suke da shi a ƙasar, ba na farauta ko gadi ba, na kan kujera, wani ma na kan gado. Idan bai yarda da kai ba, kai ne baƙo.

Kafin duk wannan ma sai ta yarda ta amsa saƙonka. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta ce a 2022 kaɗai mutum kusan 70,000 ne suka kai ƙarar an yaudare su da soyayyar intanet, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Ba 'yan Najeriya kaɗai ke wannan ta'asa ba, amma ɓata-garinmu sun yi suna a ciki, har lambar wayarmu ta 234 ta zama abin tsoro. Kai na san ba ɗan damfara ba ne, wayonka bai kai nan ba. Amma mutumin da ya rage shekaru, ya ari mota, ya ɓoye mata da 'ya'ya, ta yaya baiwar Allah za ta bambance shi da waɗanda EFCC take nema? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ka tattara jerin nan ka sake dubawa: kirki, gaskiya, riƙon amana, aikin da ba ya yankewa, hannu a hidimar gida, hira da sakin fuska. Wanne ne a ciki baƙo a Kademi? Wanne ne matarmu ba ta taɓa nema ba? Ba halitta ce ta raba ta da Ba'amurkiya ba. Waccan an bi ta da takarda an tambaye ta, an rubuta amsarta, an buga a jarida, maza sun karanta sun shiga taitayinsu. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa tambayarta. Ranar da aka kai ta ɗaki haƙuri aka ce ta yi, ranar da ta kawo ƙara haƙuri aka ce ta ƙara. Shirun da kake gani ka ɗauka ba ta da jeri, tana da shi, a ciki take ajiyewa.

Kuma ba a ce matan Hausa ba su taɓa faɗa ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 suka ɗauki alƙalami a Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, daga bisani su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka biyo baya, suka cika kasuwa da littattafan da suka zayyana irin mijin da mace take so da irin wanda take tsoro. Ku maza kuka ce shirme ne, littattafan soyayya ne masu ɓata tarbiyya, ba ku buɗe ba. Littafin Balaraba na 1990, Alhaki Kwikwiyo Ne, labarin magidanci ne da ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa saboda sabuwar mace, ya ga abin da ya gani. An fassara shi da Turanci a 2012, saboda haka Ba'amurkiyar taka tana iya karantawa ta san irinku tun kafin ka sayi tikiti.

Ga hukuncina a matsayin uwargijiyarka. Tun da Amurka kwana 90 take ba masu neman aure, ni ma kwana 90 na ba ka, amma a Kademi za ka yi su. Ka goge hoton motar dillali ka sa naka a kan kekenka. Ka biya tunkiya. Ka ɗauki fartanya ka shiga sahun ƙannenka. Kullum kafin ka tafi wurin mai shayi randa ta cika da hannunka. Labari uku daga cikin waɗanda kake kashe 'yan majalisa da su, ka riƙa ajiyewa sai ka shiga gida. Sannan wata rana bayan isha ka kashe waya, ka kira matarmu da sunanta, ka yi mata tambayar da Buss ya yi wa mutum 10,000, ka rufe bakinka har ta gama. Ka tanadi ruwan sha, jawabin zai yi tsawo.

Idan wa'adin ya cika zan zo da kaina in yi maka tambayoyin biza a tsakar gidan gwaggo. Ita ce shaida ta farko, matarmu ta biyu, yara su ne 'yan kallo. In ka faɗi, babu Ba'amurkiyar da za ta karɓe ka, don abin da ka kasa a gida da harshen uwarka ba za ka iya shi a Kalifoniya da Turancin aro ba. In kuma ka ci, matarmu ba za ta bar ka ka je ko Wudil kai kaɗai ba, balle Amurka, kuma ni zan tsaya mata. Ko ta ina aka juya dai kana nan Kademi, ɗan gwaggo. Sai ka zaɓa, da wane irin matsayi za ka zauna.

Taka uwargijiya, 'yar kawunka ta Kano.